Kafin ku kashe kuɗi kan manhajar masu ba da gudummawa

Masu kula da tsofaffin ɗalibai da neman tallafi a jami'o'inmu, ATBU ta Bauchi ce ko GSU ta jihar Gombe ko jami'ar tarayya ta Kashere, ku duba wannan kafin wani ɗan kwangila ya shigo da laftop ya ruɗa ku. Kuɗin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, na gini ne da horo da bincike, ba zai ɗauke duka buƙatu ba, dole a koma wajen waɗanda suka gama da kuma attajiran gari. To da me za a riƙe bayanansu?

Excel ko Google Sheets dai kusan kyauta ne, kuma gaskiya in sunayen hannunku ba su fi 'yan dubbai ba ya wadatar. Abu uku kawai za ka jera gaban kowane suna, yaushe ya bayar na ƙarshe, sau nawa ya taɓa bayarwa, nawa ya bayar. Kana tacewa za ka ga mutane ƙalilan ne ke kawo mafi yawan kuɗin, sauran dubu biyu dubu biyar ne lokacin taron 'yan set. Matsalar Excel ɗin ita ce mutum ɗaya sai ya fito sau uku, nan Muhammad can Moh'd can kuma Alh. M., lamba ta canza, kuma duk wanda ya samu fayil ɗin ya kwafa a filash shikenan ya tafi da shi, alhali dokar kare bayanai ta 2023 ba ta yarda da wannan sakacin ba.

CiviCRM, manhajar riƙe bayanan masu ba da gudummawa, kyauta ce ita ma amma sai kuna da ɗan ICT da zai ɗora ta a saba, wato babbar kwamfutar ajiyar bayanai, ya dinga lura da ita, ranar da ya samu canjin aiki kun shiga uku. Kamfanin Salesforce na ba ƙungiyoyin da suka cancanta lasisi 10 na manhajarsa kyauta, sai dai saita ta ne ke cin kuɗi. Ita kuwa manhajar Raiser's Edge ta kamfanin Blackbaud don wannan aikin aka gina ta, jami'o'in Amurka da Ingila na amfani da ita sosai, amma kuɗin waje ake biya duk shekara, kuma kowa ya san yadda naira ta koma tun 2023. Jami'ar da aka buɗe a 2011 kamar Kashere, wadda ɗalibanta yanzu suke tasowa a wurin aiki, ban ga dalilin wannan ɗawainiyar ba tukuna. ATBU da ke nan tun 1980 tana da manyan injiniyoyi a ko'ina, lissafinta daban.

Ni dai da za a ba ni zaɓi, albashin mutum biyu zan fara nema kafin manhaja. Ɗaya ya zauna yana gyara sunaye da lambobi daga rajista da guruf-guruf na WhatsApp, ɗayan kuma dattijo mai fuska da zai taka har gida ya gaida manyan nan ƙalilan, don Alhaji ba ya ba da miliyan saboda saƙon tes. In kuma za ku sayi manhaja, ku tambayi mai sayarwa ko za ku iya fitar da bayananku duka in kun fasa, ya rubuta muku a takarda.