Gyaran birkin tsohuwar Land Rover ɗina a Nguroje, abin da na gani

Jama'a duk mai tsohuwar Land Rover 109 da birki ke ba shi wahala ya tsaya ya karanta wannan. Tawa Series 3 ce ƙirar 1978, gado ce daga wajen mahaifina, da ita nake ɗaukar masara da dankali tsakanin Nguroje da Gembu a kan tsaunin Mambila a jihar Taraba, wani lokacin in sauka har Mayo Selbe da ke gindin tsaunin. Wanda ya san gangarar nan ya san ba wajen da za ka shiga da birkin da ba ka yarda da shi ba ne.

Matsalar ita ce in na taka birki sai ƙafa ta tafi kusan ƙasa, sai na sake takawa karo na biyu sannan ya kama, kuma in ya kama motar sai ta ja hagu. Gareji biyu na je, na farko ya ce masta ce, wato famfon da ke tura man birki in ka taka, na saya aka sa, na biyu ya ce iska ce ta shiga layin man birki, garin fitar da ita muka ƙarar da gwangwani uku na man birki DOT 4 ana ta taka, riƙe, saki har yaron da ke takawa ya gaji, washegari abu ya dawo yadda yake.

Sai wani direba ya kai ni wajen wani dattijo da tun yana yaro Land Rover kawai yake taɓawa. Wallahi bai kwance ko noti ɗaya ba sai da ya hau ya taka da ƙafarsa. Ya ce ɗana, birki yana faɗin ciwonsa ta ƙafa, in ka ji laushi kamar soso iska ce, in ka danne yana sauka a hankali robar masta ce, in kuma taku na biyu ne ke kamawa to shu, wato takalmin birki, ya yi nisa da duram ɗin da yake matsewa a cikin taya. Sannan ya matse tiyo ukun nan na roba, biyu gaba ɗaya baya, ya ce in taka, birki ya yi tauri kamar dutse tun daga sama. Kenan masta lafiyarta lau. Ya dinga sakin tiyon ɗaya bayan ɗaya, da ya saki na gaba na dama ƙafata ta nutse, nan take muka san inda ciwon yake.

Da aka cire duram ɗin abin ya ba ni tsoro gaskiya. Sil ɗin taya, wato robar da ke tare mai, ya mutu mai ya jiƙe shu ɗin sharkaf, shi ya sa ɓangaren dama ba ya kamawa motar take jan hagu, ga adjasta, ɗan ƙarfen nan mai kamar dodon koɗi da ake juyawa a matso da shu, ya cinye, kana juyawa yana zamewa. Na ce Baba ba za a wanke da fetur a mayar ba? ya ce a'a, wanda ya sha mai ya sha kenan, in ya yi zafi zai sake fito da shi. Muka sayi shu na gaba duka ɓangare biyu da sil.

Inda na fi jinjina masa wajen fitar da iska ne. 109 duram ɗinta na gaba inci 11 ne kuma silinda biyu ce a kowace taya, ɗaya sama ɗaya ƙasa, mai yana shiga ta ta sama amma ƙusar fitar da iska tana jikin ta ƙasa, ita kuma iska sama take hawa, ka ga dalilin da ya sa muka yi ta zubar da mai a banza. Shi sai ya sassauta adjasta gaba ɗaya ya ɗaure shu ɗin yadda fistin zai koma ciki iska ta rasa wajen ɓuya, ya fitar da ita, bayan nan ya matso da kowane shu har taya ta ƙi juyawa ya ɗan saki kaɗan. Ya kuma duba sandar da ke tura masta ya bar mata ɗan wasa kamar milimita 1.5, ya ce in babu wannan birki zai dinga riƙewa in mota ta yi zafi.

Abin da ban ji daɗi ba shi ne jinkiri, aikin yini ɗaya sai da ya kwana uku, ba ya ɗaukar waya kuma in ruwa ya sauko aiki ya tsaya don wajen ba rumfa. Kuɗin hannunsa ma ya ɗan fi na sauran, amma bai kai abin da na kashe a mastar da ba ta lalace ba.

Yau sati shida kenan, na sauka Mayo Selbe sau huɗu da kaya, a giya ta biyu nake sauka kamar kullum, taku ɗaya birki ke kamawa kuma sitiyari ba ya karkata. Ya ce in dawo ya ƙara matso da shu in sababbin sun gama zama, ranar Asabar zan kai masa in sha Allah, har da hambirki nake so ya duba min.