Rajistar domen da masaukin shafi: a haɗa su a kamfani ɗaya ko a raba?

Malam, ka tambaya ko ya fi dacewa ka yi rajistar sunan shafinka na intanet a kamfanin da za ka sayi masauki, tunda kamfanonin masauki da dama suna ba da sunan kyauta a shekarar farko, ko kuwa ka ajiye sunan a wani kamfani daban. Ra'ayina shi ne ka raba su, ko da yake akwai halin da haɗawar ba ta da aibu, kuma dalilan sun fi amsar amfani gare ka.

Ana sayar da abubuwan biyu tare har mutum ya ɗauka abu ɗaya ne, alhali ba su yi kama ba. Domen shi ne sunan da ake rubutawa domin a isa shafinka, kuma shi ne yake zuwa bayan alamar @ a adireshin imel ɗinka. Masauki kuwa wuri ne da kake haya a kan wata kwamfuta da ba a kashewa, wadda ake kira saba, inda rubutun shafinka da hotunansa suke zaune. Idan masauki ya ɓata maka rai, kana iya kwashe kayanka ka koma wani, kuma masu ziyartar shafin ba za su ma san ka tashi ba. Idan domen ya kuɓuce maka, babu na biyunsa a duniya, kuma duk wanda ya san ka da wannan suna, da duk saƙon da za a aiko maka, da matsayin da shafinka ya samu a wajen Google bayan shekaru, duk za su bi sunan zuwa hannun wanda ya karɓe shi. A kan wannan bambanci na gina duk abin da zan faɗa.

Sannan kamfanin da kake biya kuɗin rajista ba shi ne mai sunan ba, dillali ne. Babban kundin duk sunayen da suka ƙare da .com da .net yana hannun kamfanin Verisign, na .org kuma yana hannun Public Interest Registry, sannan hukumar ICANN, wadda aka kafa a Amurka a 1998, ita ce take ba dillalan lasisi ta kuma shimfiɗa musu dokoki. Saboda haka sunan .com da ka yi rajistarsa a GoDaddy da wanda ka yi a Namecheap ba su da wani bambanci na inganci ko na sauri. Abin da ya bambanta dillalan shi ne kuɗin sabuntawa, da tsaron asusu, da kuma yadda suke sakin mutum idan ya ce zai tafi. Masauki ba haka yake ba, domin a nan ingancin yana hawa yana sauka ƙwarai daga kamfani zuwa kamfani, har ma a kamfani ɗaya daga shekara zuwa shekara. Da wuya ka sami kamfanin da ya ƙware a duka biyun, kuma ko ka samu, ba ka da tabbacin zai ɗore a haka.

Haɗawa tana da fa'idarta, kuma ba zan ɓoye ta ba. Asusu ɗaya ne, biya ɗaya ne, kuma kamfanin zai haɗa sunan da masaukin da kansa ba tare da ka taɓa wani saiti ba. Idan shafin ya ƙi buɗewa, ƙofa ɗaya za ka ƙwanƙwasa, babu mai ce maka laifin na wancan kamfanin ne. Ga wanda bai taɓa buɗe shafi ba, wannan sauƙi ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai ba a nan gizo yake saƙa ba. Sunan kyauta na shekara ɗaya ne kawai, kuma kuɗin sabunta shi a kamfanin masauki sau da yawa ya fi na dillalan da rajista ce sana'arsu, ta yadda cikin shekaru kaɗan za ka biya abin da aka yafe maka har da ƙari. Idan kuma ka fasa masaukin a cikin wa'adin mayar da kuɗi, yawanci za a cire kuɗin sunan kafin a ba ka ragowar. Abin da ya fi damuna shi ne duk wata matsala da ta sami asusun tana shafar abubuwan biyu lokaci guda. Idan saɓani ya shiga tsakaninku kan biyan kuɗi aka rufe asusun, ko ɓarawo ya sace kalmar sirrinka, ko kamfanin ya dakatar da kai bisa wani ƙorafi da ba ka san da shi ba, to shafin da sunan sun tafi tare, kuma ba ka da abin da za ka nuna wa jama'a sabon wurinka da shi.

Rabawa kuwa wahalarta a ranar farko take. Za ka buɗe asusu biyu, ka riƙe ranakun sabuntawa biyu, sannan ka kwafi adireshin sabobin suna da kamfanin masauki ya ba ka, wato sabobin da suke nuna wa masu ziyara inda shafinka yake, galibi layi biyu ne, ka liƙa su a asusun rajistarka. Aikin bai wuce na 'yan mintuna ba, ko da yake canjin yakan ɗauki sa'o'i, wani lokaci har kwana biyu, kafin ya game intanet. Ribar ita ce duk ranar da masauki ya gaza, za ka ɗora kwafin shafinka a wani masaukin, ka canja waɗannan layuka biyu, shi ke nan, ba ka nemi izinin kowa ba. Wanda ya haɗa su ma yana iya canja sabobin sunan, amma fa sai idan asusun yana buɗe kuma kamfanin yana raye, wato ya dogara da wanda yake gudu ne domin ya buɗe masa ƙofar fita. Idan kuma yana so ya ɗauke sunan gaba ɗaya, zai tarar da dokar da ta ba dillali damar hana ƙaura a kwanaki 60 na farko bayan rajista ko bayan ƙaurar da ta gabata, sannan sai ya cire makullin sunan, ya karɓi lambar izinin ƙaura, ya jira kimanin kwana biyar.

Wannan ba tsoratarwa ba ce, abubuwan sun faru. A 2007 wani dillalin rajista mai suna RegisterFly ya rushe sakamakon rikicin masu shi, ICANN ta janye lasisinsa, mutane da yawa suka kasa sabunta sunayensu ko ɗauke su, har sai da aka mayar da sunayen hannun GoDaddy. Bayan wannan ne aka tilasta wa dillalai masu lasisi su riƙa ajiye kwafin bayanan abokan cinikinsu a wajen wani amintacce na daban. A 2023 Google da kansa ya sayar da sashensa na rajista ga Squarespace, sunaye kusan miliyan 10 suka sauya dillali ba tare da masu su sun zaɓa ba. Ta ɓangaren masauki kuma, a watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen sabobin kamfanin masauki na OVHcloud a birnin Strasbourg na Faransa, shafuka masu ɗimbin yawa suka ɗauke, wasu kuma suka rasa komai saboda kwafin ajiyarsu yana cikin harabar da ta kama wuta. Wanda yake da kwafi a hannunsa kuma yake iya sarrafa sunansa, a ranar ya tayar da shafinsa a wani wuri.

Akwai wani abin lura a gefe guda: yawan sunayen kamfanoni ba ya nufin yawan zaɓi. Bluehost da HostGator da Network Solutions duk suna ƙarƙashin kamfani ɗaya ne mai suna Newfold Digital, don haka wanda ya ajiye suna a ɗaya ya sayi masauki a ɗayan bai raba su sosai ba kamar yadda yake zato.

Idan ka zo zaɓen dillalin rajista, kada ka dubi kuɗin shekarar farko, ka nemi na sabuntawa, domin shi za ka yi ta biya, kuma araha ba ta ado. Ka tabbatar yana da lasisin ICANN kai tsaye, ba ƙaramin wakilin wani dillalin ba ne, ka duba ko za ka iya cire makulli ka ɗauki lambar ƙaura da kanka ba sai ka roƙi ma'aikaci ba, kuma ko yana da tabbacin shiga mai mataki biyu, wato neman wata shaida ta biyu bayan kalmar sirri. Namecheap yana ɓoye bayanan mai suna daga idon jama'a kyauta, abin da wasu suka daɗe suna karɓar kuɗi a kansa, ko da yake tun da dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki a watan Mayu na 2018, yawancin bayanan nan an daina baje su a fili. Cloudflare yana sayar da suna a kan kuɗin da ya saro shi ba tare da riba ba, amma da sharaɗin ka yi amfani da sabobin sunansa, wanda ba matsala ba ce ga mafi yawan mutane, sai dai ya kamata ka sani tun kafin ka shiga. GoDaddy shi ne mafi girma, kuma girman yana da amfaninsa, amma ka karanta kwandon sayayyarka da kyau kafin ka biya, domin yana yawan tallata ƙarin abubuwan da ba lallai kana bukata ba. Sunayen ƙasashe masu harafi biyu kuma kowanne da dokarsa: .ca sai mai alaƙa da Kanada, kuma mazauna Birtaniya da dama sun rasa cancantar riƙe .eu bayan ƙasarsu ta fice daga Tarayyar Turai.

Abu biyu ne na ga sun fi jawo asarar suna, kuma babu ruwansu da kamfanin da aka zaɓa. Na farko shi ne barin wanda ya gina maka shafin ya yi rajistar da sunansa da imel ɗinsa. Na taɓa taya wata ƙungiya neman sunanta a hannun wanda ya gina mata shafi shekaru da suka wuce, mutumin bai ƙi ba, amma ya manta kalmar sirrin kuma ya daina amfani da imel ɗin, sai da aka shafe makonni ana tura takardun shaida. A idon dillali, wanda sunansa yake a rajista shi ne mai abu, ko da wani ne ya biya. Na biyu shi ne mantuwa. Dokar ICANN ta wajabta wa dillali ya tunatar da kai kusan wata ɗaya kafin wa'adi ya cika, da kuma kusan mako ɗaya, amma idan imel ɗin da ka bayar yana kan sunan da ya mutu ne, saƙon ƙarshe ba zai same ka ba. Bayan cikar wa'adi akwai ɗan lokacin sassauci da ba ya wuce kwanaki 45, kuma wasu dillalan sukan yi gwanjon sunan a cikinsa, sai kwanaki 30 na fansa da kuɗi mai tsada, sai kwana biyar kafin a sake shi ga duk mai so. Ana iya biyan har shekaru 10 a gaba, kuma ga sunan da kake ji da shi wannan ya fi dogaro da katin banki da kan iya ƙarewa ba ka lura ba.

Game da masauki, shawarata akasin wannan ce: kada ka ɗaure kanka da shekaru uku saboda rangwame kafin ka gwada. Ƙaramin shafin da aka gina da manhajar WordPress masaukin tarayya ya ishe shi, wato inda ɗaruruwan shafuka suke raba saba ɗaya, illarsa kawai ita ce maƙwabcin da ya cika cin ƙarfin sabar yana iya rage maka sauri. Sabar da ake kira VPS, wadda kaso ne da ake keɓe maka a cikin babbar saba, ta fi ƙarfi da 'yanci, amma idan ba wadda kamfanin yake kula da ita ba ce, sabunta manhaja da toshe ƙofofin ɓarayi duk a wuyanka suke. Kalmar "babu iyaka" da ake rubutawa a talla tana da iyaka a cikin sharuɗɗan amfani, galibi ta fuskar yawan fayiloli da ƙarfin sarrafawa. Alkawarin kasancewa a buɗe kashi 99.9 cikin ɗari kuma yana nufin shafin zai iya ɗaukewa kusan sa'o'i tara a shekara ba tare da an karya alkawari ba. Kada ka biya kuɗi daban domin takardar tsaro ta https, wadda take kare bayanan da ke tsakanin shafinka da masu ziyara, tunda Let's Encrypt yana ba da ita kyauta kuma masaukai nagari suna sanya ta da kansu. Ka tambayi inda sabar take, domin kusancinta da masu karanta ka yana ƙara sauri, ka kuma aika wa sashen taimakonsu tambaya kafin ka biya ka ga tsawon lokacin da za su ɗauka su amsa.

Idan shafin na ɗan lokaci ne, kamar na taron da za a gama cikin watanni, ko gwaji kake yi domin koyo, ka haɗa su ka karɓi kyautar, babu abin da za ka rasa. Idan kuwa ka riga ka karɓi sunan kyauta ga shafin da kake so ya ɗore, ka fara duba cewa sunanka ne a rajistar, ka jira kwanakin nan 60 su wuce, sannan ka ɗauke shi zuwa dillalin da ka zaɓa tun wa'adinsa bai matso ba. Ƙaurar takan ƙara wa sunan shekara ɗaya a kan abin da ya rage masa, kuma shafin ba zai ɗauke ba muddin ka bar sabobin sunan yadda suke har a kammala.