Samarƙand, Agra ko Angkor: Abin da Ya Kamata a Auna Kafin a Biya Kuɗin Tafiya

Duk wanda ya yi niyyar tashi daga Kano ko Abuja ko Yamai domin ganin tsofaffin masallatai da makwantan malamai da gidajen bautar wasu al'ummomi a Asiya, ya fara sanin cewa nahiyar ta fi ƙarfin tafiya guda. Kuɗin jirgi ne ke cinye mafi yawan guzuri, kuma kusan kowace hanya sai ta ratsa da mutum ta Istambul ko Doha ko Dubai ko Addis Ababa, shi ya sa wanda ya biya wannan kuɗi yakan so ya haɗa ƙasa uku ko huɗu cikin mako biyu. A ganina wannan asara ce, domin rabin kwanakin a filayen jirgi za su ƙare, mutum ya dawo da hotuna fal a waya amma ya kasa bambance wannan gini da wancan. Gara a zaɓi ƙasa ɗaya a ba ta kwana takwas ko goma. Ma'aunin da nake bayarwa wajen zaɓin kuwa shi ne, a ina ne mutum zai fahimci abin da idonsa ke gani, kuma jikinsa da fasfonsa za su iya kai shi can?

Ga wanda ya taso yana jin ana karanta Sahihul Bukhari a zaure ko a masallacin unguwa, Uzbekistan ce ta fi kusa da zuciya, kuma ita nake sa wa a gaba. An haifi Imam Bukhari a birnin Bukhara a shekara ta 194 bayan Hijira, ya rasu a daren ƙaramar salla ta shekara ta 256 a ƙauyen Khartank, kimanin kilomita 25 daga Samarƙand, inda kabarinsa yake har yau. An yi babban aikin faɗaɗa wurin a shekarun baya-bayan nan, don haka a tambayi mai shirya tafiya ko duk sassansa a buɗe suke kafin a tsayar da rana. A cikin Samarƙand kanta akwai kabarin Imam Maturidi, da jerin hubbarori da ake kira Shahi Zinda, inda mutanen garin suka gāji labarin cewa an binne Ƙusam ɗan Abbas, ɗan baffan Manzon Allah (SAW). Tsakiyar birnin kuwa dandalin Registan ne, wanda makarantu uku suka kewaye. Ta farko Ulug Beg ne ya gina ta tsakanin 1417 da 1420, sarkin da ya shahara da ilimin taurari, sauran biyun kuma a ƙarni na 17 aka gina su.

Abin da ya sa na fifita wannan ƙasa yana jikin bangon gine-ginen ne. Baƙon da ya zo daga Turai yakan tsaya gaban ƙofar makaranta yana yaba shuɗin tayil da kyan zane, alhali wanda ya yi makarantar allo, idan ya ɗan ja da baya ya daidaita ido, sai ya ga ashe zanen rubutu ne: sunan Allah da na Annabi an jera su da bulo mai ƙyalli cikin rubutun Kufi mai kusurwa, a sama kuma ayoyi sun zagaye bakin ƙofa. Wannan ribar ba ta cikin tikiti, da ita mutum ya zo daga gida. Haka abin yake a Bukhara, inda hasumiyar Kalon, wadda aka kammala a 1127, ta haura mita 45, wato kusan ninki uku na hasumiyar Gobarau ta Katsina, kuma makarantar Mir Arab da ke gefenta har yanzu tana da ɗalibai. A bayan gari akwai hubbaren Shehu Baha'uddin Naƙshaband, wanda ya rasu a 1389.

Zirga-zirga a can tana da sauƙi. Jirgin ƙasa mai sauri, Afrosiyob, yana kai mutum Samarƙand daga Tashkent, babban birnin ƙasar, cikin awa biyu da 'yan mintoci, daga nan zuwa Bukhara kuma ƙasa da awa biyu, sai dai kujerunsa kan ƙare da wuri, dole a saya tun da sauran makonni. Abinci ba ya ba Musulmi wahala sosai, domin babban abincinsu dafa-dukar shinkafa ce da naman rago da karas, ga gurasa da shayi a ko'ina. Matsalolin guda biyu ne. Na farko harshe, domin Uzbek da Rashanci ake yi, Turanci kaɗan ne a wajen otal, don haka kuɗin tafinta ba almubazzaranci ba ne. Na biyu yanayi: zafin Yuli yakan kai digiri 40, sanyin Janairu kuma yakan sauka ƙasa da sifili, irin wanda hunturunmu bai ko kama ƙafarsa ba. Afrilu da Mayu, ko Satumba da Oktoba, su ne lokacin zuwa. Kabarin Imam Tirmizi yana can kudu, a yankin Termez kusa da iyakar Afganistan, kuma ƙara shi cikin shiri yana buƙatar kwana biyu na daban.

Indiya ta fi kowace yawan abin gani, ta kuma fi kowace gajiyarwa. Hausawa da yawa sun riga sun san hanyarta ta dalilin asibiti ko karatu, kuma Turanci yana biyan buƙata a tashar jirgi da otal. A Delhi kaɗai akwai Jama Masjid da sarki Shah Jahan ya kammala a 1656, wanda harabarsa ke ɗaukar masallata kimanin 25,000, da hasumiyar Ƙutub Minar mai tsawon kusan mita 73, da hubbaren Shehu Nizamuddin Auliya. Taj Mahal yana Agra, tafiyar ƙasa da awa biyu daga Delhi a jirgin ƙasa mai sauri. Kabari ne da Shah Jahan ya fara ginawa a 1632 domin matarsa Mumtaz Mahal, kuma a nan ma mai karatun Alƙur'ani ya fi sauran baƙi morewa, domin a babbar ƙofar shiga an rubuta Suratul Fajri, wadda ta ƙare da kiran rai mai natsuwa ya shiga Aljanna, a bakunan ginin kabarin kuma Suratu Yasin. Baƙin dutse aka yanka aka dasa cikin farin marmara, aka kuma ƙara girman haruffan da ke can sama domin mai kallo daga ƙasa ya gan su daidai da na kusa da shi. A lura cewa ana rufe wurin ga masu yawon buɗe ido ranar Juma'a, kuma kuɗin shigar baƙo ya ninka na ɗan ƙasa sau da yawa.

Wanda yake son ganin yadda wasu addinai ke tafiyar da wurarensu, ban san inda ya kai Amritsar ba, wurin babban ɗakin ibadar mabiya addinin Sikh mai rufin zinariya. Kowa yana shiga muddin ya cire takalmi ya wanke ƙafa ya rufe kai, kuma ɗakin girkinsu yana ciyar da dubun dubatar mutane kyauta kowace rana, mai kuɗi da talaka a zaune a ƙasa sahu guda. Wasu manyan ɗakunan bautar Hindu kuwa, kamar na Jagannath da ke Puri, ba sa barin wanda ba mabiyinsu ba ya shiga, don haka a bincika kafin a yi doguwar tafiya a tsaya a bakin ƙofa. Kiristoci suna da tsofaffin majami'un Goa, musamman Bom Jesus inda gawar Francis Xavier, mai yaɗa addinin Kirista na ɗariƙar Katolika, take. Lokacin zuwa Indiya daga Oktoba ne zuwa Maris, amma a Disamba da Janairu hazo da hayaƙi kan lulluɓe Delhi da Agra har su jinkirta jiragen ƙasa su ɓoye Taj Mahal da safe, kuma mai ciwon asma ya yi tunani sosai kafin ya zaɓi waɗannan watanni.

Angkor ta Kambodiya da Borobudur ta Indonesiya zaɓi ne na wanda ginin kansa da tarihin mutanen da suka yi shi suka dama, domin a nan babu rubutun da zai karanta, sai abin da ɗan rakiya ya gaya masa. Sarki Suryavarman na Biyu ne ya gina Angkor Wat a farkon ƙarni na 12 domin bautar Hindu, daga baya ya koma hannun mabiya Buddha, kuma shi ne hoton da ke kan tutar Kambodiya. Yankin duka ya kai murabba'in kilomita 400, shi ya sa tikitin kwana ɗaya na dala 37 bai kai na kwana uku na dala 62 riba ba. Aikin ƙafa ne cikin zafi mai gumi, matakalai kuma a tsaye suke, saboda haka ban ba dattijo mai ciwon gwiwa shawarar zuwa ba. Nuwamba zuwa Fabrairu ne yanayi ke sassautawa. A garin Siem Reap, wanda ke kusa da Angkor, akwai masallaci da gidajen abincin halal na Musulmin ƙasar, sai dai sai an neme su.

Borobudur, wurin ibadar mabiya Buddha da aka gina a ƙarni na 9 a tsakiyar tsibirin Java, kimanin kilomita 40 daga Yogyakarta, ya fi sauƙi ta fuskar salla da abinci, tunda Indonesiya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan Musulmi a duniya, kuma ana iya haɗa shi da masallacin Istiƙlal na Jakarta da tsohon masallacin Demak. An taƙaita yawan masu hawa ginin a kowace rana, da takalmi na musamman da ake bayarwa domin kare duwatsun, don haka sai an sayi tikitin hawa tun da wuri. Cikas ɗin yana wajen biza: Indonesiya ta daɗe da sanya fasfon Najeriya cikin waɗanda ake yi wa ƙarin tantancewa, kuma wanda ya sayi tikitin jirgi kafin bizar ta fito yana iya tafka asara.

Akwai batun da bai kamata a tsallake shi ba. Malamai sun yi saɓani game da ɗaura niyyar doguwar tafiya domin ziyarar kabari, haka nan game da shiga wuraren da ke da gumaka, kuma wannan tambaya ce da mutum zai kai wa malamin da ya amince da shi tun kafin ya fara tara kuɗi. Wanda ya yanke shawarar shiga kuwa, ya tuna cewa wurin ibadar wasu ne: ya rufe kafaɗa da gwiwa, ya cire takalmi inda aka ce, kada ya ɗauki hoton mai ibada ba da izini ba, kuma babu wanda zai tilasta masa yin wani abu na bautarsu. A Uzbekistan da Indiya mazhabar Hanafiyya ce ta fi yawa, don haka kada Bamalike ya yi mamaki idan ya ga an jinkirta la'asar fiye da yadda ya saba.

Idan ta hannun kamfani za a bi, a nemi a ga komai a rubuce: sunan otal da nisansa daga wuraren da za a gani, ko kuɗin shiga da na jirgin ƙasa da na ɗan rakiya suna cikin farashin, yawan sa'o'in jira a filin jirgin da za a sauya, da kuma nawa za a mayar idan aka hana biza. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Katin rigakafin zazzaɓin shawara kuwa wajibi ne ga mai zuwa Indiya ko Indonesiya ko Kambodiya daga ƙasashenmu, kuma ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin allurar. Indiya takan tsare wanda ya sauka babu shi a killace har tsawon kwana shida.