Garin rizobiyam na waken soya: yana aiki, amma da sharaɗi

Ƙunshin ɗan ƙarami ne, cikinsa baƙin gari mai laushi da ɗan danshi. Wanda bai sani ba zai ce taki ne, alhali ƙwayoyin halitta ne masu rai. Su ne ke shiga saiwar waken soya su yi ƙulle-ƙulle, su riƙa zuƙo naitirojin, sinadarin da ke cikin takin yuriya, daga iska suna ba shuka. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma masara ba ta iya ɗibar komai daga ciki, sai an sayo mata yuriya.

Haɗawa ba wuya. Na jiƙa ƙaro na yayyafa wa irin, na barbaɗa garin, na cuɗa har kowace ƙwaya ta yi baƙi, na bar shi ya sha iska a inuwa, na shuka a ranar. Wasu kunyoyi na bar su haka nan don in gwada. Da shuka ta fara fure na tuge daga kowane ɓangare. Waɗanda suka sami garin, saiwarsu cike da ƙulli, in ka fasa da farce cikinsu ja-ja, alamar suna aiki ke nan. Na ɗaya ɓangaren 'yan tsiraru ne, ganyen ma ya ɗan ɗashe.

Abin da ya fi faranta mini rai ya zo ne da damina ta zagayo. Ban ƙona karmamin ba, na bar shi ya ruɓe a wurin, masarar da ta biyo baya kuwa ta tashi shar, ƙuduji ma ya ragu. A kula dai, yawancin naitirojin ɗin yana bin ƙwayar waken zuwa buhu, wanda ya kwashe harawa ƙaf bai bar wa ƙasa abin kirki ba.

Inda takardar ƙunshin ta gaza shi ne ba ta ambaci fosfaras ba. In ƙasa ba ta da shi, ko ta yi tsami sosai, ƙullin ba ya kankama, don haka a sa takin sufa, mai ɗauke da fosfaras, tun wajen shuka. Yuriya da yawa kuma sa ƙwayoyin kasala take yi. Zafi yana kashe su, shi ya sa na ƙi karɓar garin da na tarar an baje a rana, ko da kwanan watansa bai wuce ba. Zan sake saye, amma sai wurin mai ajiye shi a wuri mai sanyi.