Maginan da suka sake tayar mana da gida a Lamorde

A watan Satumba na 2020, lokacin da ruwan kogin Isa, wato kogin Neja, ya kai wajen santimita 700 a Yamai, alhali tun daga 620 ake shelar babban haɗari, shingen da ke tare ruwa a unguwarmu ta Lamorde ya ɓalle, kuma ɗakunanmu uku na laka suka narke cikin kwana biyu. Mun yi makonni a ajin wata makaranta, mu da wasu iyalai, kafin maƙwabta su haɗa mu da wata ƙungiyar magina da ke karɓar aikin gidajen da ruwa ya ci. Ganin har yanzu damina ba ta daina yi wa mutane ɓarna ba, na ga ya dace in faɗi yadda na sami aikinsu.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba su fara da tubali ba. Shugabansu, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya zagaya filin da sanda a hannu, ya tsaya gaban katangar maƙwabcinmu da ta tsira, ya nuna mini jan layin da ruwa ya bari, wanda ya kai mini ƙugu. Na nemi ya mayar da ɗakin mahaifiyata inda yake a da, sai ya ce: "Malam, nan kwari ne, kuma ruwa ba ya manta hanyarsa, ko ka ninka kuɗin ba zan aza harsashi a nan ba." Na ce: "Baba, tsohuwa ta saba da wurin." Bai sauya magana ba, kuma yau ina gode masa.

Sai da suka kafa mana rumfa da tanti da sauran kwanon da muka tsamo, domin mu bar makaranta yara su koma karatu, sannan suka tsara aikin gidaje shida na layinmu tare, aka sayi yashi da dutse da siminti a dunƙule, abin da ya rage mana kuɗin mota ƙwarai. Sun cike filin, sun yi harsashi da dutse da siminti har ya ɗara layin ruwan, sannan suka ɗora tubalin laka a sama, tunda ƙarfinmu bai kai na bulo ba. Bakin rufin ma sun fito da shi sosai don kada ruwan sama ya riƙa dukan bango.

Inda suka gaza shi ne cika alkawarin lokaci. Sun karɓi aiki fiye da ƙarfinsu, har suka bar mu kwana goma sha ɗaya babu ko leƙe, buhunan siminti biyu suka sha raɓa suka daskare, kuma asarar a kaina ta faɗa domin babu abin da muka rubuta. Wannan ya yi mini ciwo, ganin cewa bashi na ci na saye su. Duk wanda zai ba su aiki, ya sa a rubuta ranakun aiki da wanda zai ɗauki asarar kaya, a gaban mai unguwa.

A daminar 2024, wadda ta sa aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, ruwan sama ya kwanta a tsakar gidanmu kwana uku, amma bai taɓa tubali ko ɗaya ba, kuma mahaifiyata ba ta bar ɗakinta ba.