Kwana uku a taron Phi Theta Kappa, da ƙaramar Sallah a tsakiya

Ranar da saƙon gayyata ya shigo imel ɗina na ɗauka 'yan damfara ne. Wai makina ya kai, in biya kuɗi in shiga wata ƙungiya mai sunan haruffan Girka. Gwaggona da nake zaune a wajenta a unguwar Bronx ta birnin New York ta leƙo fuskar wayar ta ce, "Ke 'yar nan, daga zuwanki ƙungiyar asiri za ki shiga?" Sai da na je ofishin kula da ɗalibai na kwalejinmu aka tabbatar mini abin gaske ne, sannan hankalinta ya kwanta, shi ma rabi-rabi.

Ga wanda bai sani ba, Phi Theta Kappa ƙungiya ce ta karrama ɗaliban da suka yi fice a kwalejojin shekara biyu na Amurka, irin waɗanda talaka da baƙo ke fara bi kafin su wuce jami'a. An kafa ta a jihar Missouri a 1918, hedikwatarta yanzu tana Jackson a jihar Mississippi, kuma tana da rassa sama da 1,000. A yawancin rassa ana gayyatar wanda ya kammala kiredit 12, wato ma'aunin yawan darussan da ɗalibi ya ci, kuma matsakaicin makinsa ya kai 3.5 cikin 4. Kuɗin shiga sau ɗaya ake biya. Haruffan uku da suka tsorata Gwaggo farkon kalmomin Girkanci ne da ke nufin hikima, buri da tsarki, babu wani tsafi a ciki. Babban taronta na shekara-shekara, wanda suke kira Catalyst, shi na halarta a Columbus, babban birnin jihar Ohio, a watan Afrilun 2023, kuma a kansa nake so in ba da shaida, don tun da na dawo 'yan'uwa biyu suka tambaye ni ko zuwan ya cancanci wahalar.

Maganar kuɗi tukuna, don ita ce ke yanke hukunci. Rajista, ɗakin otal na kwana uku, hanya da abinci, in aka haɗa ɗaruruwan daloli ne, abin da ba zan iya cirewa daga ɗan albashin da nake samu a ɗakin karatun kwaleji ba. Kwalejinmu ce ta ɗauki nauyin mu shida daga asusun harkokin ɗalibai, kuma an zaɓi waɗanda suka yi wa reshe aiki a shekarar. To wanda ya biya kuɗin shiga ya naɗe hannu yana jiran a kira shi, zai daɗe yana jira. Ni aikin binciken reshe ne ya sama mini kujera. Duk shekara biyu ƙungiyar kan fitar da maudu'i guda da rassa za su yi nazari a kai su kuma yi wa al'umma wani aiki da shi, na lokacinmu kuwa a kan wasa ne, fasaharsa da kimiyyarsa. Mu muka duba wasannin tsofaffin baƙin haure a unguwarmu. Na kawo dara, na zana ramukanta a kan kwali, muka yi amfani da wake da murafan kwalba a matsayin 'ya'ya. Wani dattijo ɗan zangon Kumasi ya cinye shugaban reshenmu sau huɗu a jere yana dariya.

A mota muka tafi, mu shida da malamar da ke kula da reshen, muka ratsa Pennsylvania daga wannan gefe zuwa wancan, kusan awa goma da tsaye-tsaye. Ranar Alhamis da aka buɗe taro ita ce ranar ƙarshe ta azumi. Na san matafiyi yana da rangwame, amma raina bai so in bar na ƙarshe ya kuɓuce mini. Abin da ban lissafa ba shi ne rana ba ta faɗuwa a Columbus a wannan lokacin sai bayan ƙarfe takwas na dare. Otal ɗin da muka sauka kuma ya yi mana alkawarin firji a ɗaki, muka tarar babu, ga ni da robar fura da nonon da Gwaggo ta dama mini. A cikin bokitin ƙanƙara ta kwana, ta kuma kai labari.

Zaman buɗe taro ya ba ni mamaki. Na zo da tunanin zan ga taron masana irin na jami'o'in gida, babban teburi, manyan baƙi, jawabin godiya ga shugaban taro. Ina shiga zauren sai kiɗa kamar zai tsaga rufi, fitilu na wulgawa, dubban ɗalibai sanye da shuɗi da ruwan zinare, launukan ƙungiyar, kowace shiyya da irin ihunta in an kira sunanta. 'Yan Texas kaɗai sun isa su tashi gari. Ni da ke ɗauke da ƙishirwar awa goma sha biyar, na zauna na dafe kai ina kallon agogo. Ba laifin kowa ba ne, haka Amurkawa ke murna, kuma abokan tafiyata sun ji daɗinsa ƙwarai. Amma wanda hayaniya ke damunsa ya nemi kujerar baya kusa da ƙofa. Da lokacin shan ruwa ya yi na sulale waje, na sha ruwa da dabino uku a bakin matakala, na yi magariba a wani lungu bayan allunan talla. Wata ma'aikaciyar ginin ta gan ni, ta tsaya nesa kaɗan tana kare ni daga masu wucewa har na sallame. Ba ta ce komai ba, ni ma "na gode" kawai na iya cewa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a zauren shi ne mutanen da ke cikinsa. Kwalejin shekara biyu ba ta 'yan shekara goma sha tara kaɗai ba ce. Na zauna kusa da wata mata mai jikoki biyu da ta koma karatun jinya, a gabana tsohon soja ne, a bayana wani makanike da ke karatu da dare. A gida in mace ta kai arba'in ta ce za ta koma aji, sai an tambaye ta me ya yi zafi. A nan an kira irin waɗannan mata kan dandamali an tafa musu.

Ranar Juma'a, 21 ga wata, aka yi Sallah. Tun da dare na gaya wa malamarmu ba zan halarci zaman safe ba, ta ce in tafi, ta ma tambaye ni yadda ake gaisuwar ranar ta rubuta a tafin hannunta. Columbus na daga cikin biranen da Somaliyawa suka fi yawa a Amurka, bayan Minneapolis, don haka neman wurin idi bai zama aiki ba. Direban da ya ɗauke ni ɗan Somaliya ne, shi ma can ya nufa, ya kai ni wani masallaci a arewa maso gabashin gari. Ban san kowa ba, ban ji yarensu ba in ban da kabbara, amma wata tsohuwa ta matsa mini a sahu, ta gyara mini gefen mayafi kamar 'yarta. Bayan an idar na kira Baba a Zariya, su har sun ci tuwon Sallah sun fara yawon gaisuwa. Ya ce, "To, Allah ya sa abin da ya raba ki da gida ranar Sallah ya zama alheri." Na ce amin, na koma mota ina share ido.

Alherin kuwa a ranar na same shi, a wani zaure da ba kiɗa ba fitilu. Nan jami'o'i masu shekara huɗu suka jera tebura suna neman ɗaliban da za su ƙarasa digiri a wajensu. In da za a ce in zaɓi abu ɗaya da ya biya kuɗin taron, wannan ne. Jami'o'i da yawa suna ware tallafin karatu musamman don 'yan ƙungiyar, amma ga mai bizar ɗalibi irina akwai ƙaya a ciki: ba mu da hakkin tallafin gwamnatin tarayya, kuma wasu tallafin jami'o'in ma na 'yan ƙasa ne da masu takardar zama kaɗai. A intanet sai ka yi kwana uku kana bin shafuka ba ka gano wannan ba. A teburi kuwa tambaya ɗaya ce. Na tsara tambayoyi uku a bayan katin sunana: ko tallafin ya haɗa da ɗaliban ƙasashen waje, kiredit nawa daga cikin nawa za su karɓa, kuma ko ana sabunta shi a shekara ta biyu. Na zagaya tebura goma sha ɗaya. Bakwai suka ce mini a'a cikin fara'a suka ba ni biro. Huɗu suka ce e. Wani jami'i daga wata ƙaramar jami'a ya karɓi takardar sakamakona, ya bi darussan ɗaya bayan ɗaya da fensir, ya nuna mini cewa darasin kimiyyar sinadarai da nake shirin ɗauka a zangon gaba ba shi ne wanda sashen jinyarsu ke buƙata ba, akwai wani mai ɗakin gwaji. Minti goma ya ɗauka, ya tsame ni daga asarar zango guda da kuɗinsa. Abokan tafiyata biyu sun shiga zauren nan sun fito da jakunkuna cike da alewa da kofuna, ba su yi tambaya ko ɗaya ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Akwai ƙananan zaman bita da yawa a lokaci guda, kan rubuta takardar neman tallafi, shugabanci, tafiyar da reshe. Biyu na shiga. Na rubutun takarda ya amfane ni, ɗayan kuwa gyangyaɗi na yi, gajiyar azumi ce ta biyo bashi.

Zaɓen shugabanni ya ba ni dariya don ya tuna mini gida. Ana zaɓen shugaba ɗaya da mataimaka huɗu daga cikin ɗalibai, kowane reshe da wakilinsa mai jefa ƙuri'a. 'Yan takara na tare mutane a hanya, suna raba bajoji, suna riƙe hannunka kamar kun shekara goma da sani. Bambancin kawai babu buhun shinkafa, kuma wanda ya faɗi ya rungumi wanda ya ci a gaban jama'a.

Abinci kuwa, mai kiyaye halal ya shirya. A cikin fom ɗin rajista na zaɓi abincin marasa cin nama don in huta da tambaya, na kuwa ci ganye har na gode Allah. Abin da ya cece ni shi ne kasuwar North Market, 'yar tafiya kaɗan a ƙafa daga ginin taron, inda na sami rumfar abincin Somaliyawa. Shinkafa da naman akuya da sambusa na ci a matsayin abincin Sallah, ni kaɗai a kan dogon benci, kuma ba zan ce bai yi daɗi ba.

Daren ƙarshe na rabon lambobin yabo ne, kowa ya ci ado. Na sa leshina na Sallah da ɗaurin kallabi, aka yi ta tsayar da ni ana neman hoto har na fara jin kunya. Bikin yana da tsawo, don rassa da mutanen da ake kira suna da yawa, kuma reshenmu bai ci komai ba. Shugabanmu ya ɗan yi shiru a kan kujera, ya sa rai aikin darar nan zai kai mu dandamali. Malamarmu ta ce mu karanta rubutun rassan da suka ci mu ga inda suka fi mu, da muka karanta daga baya kuwa mun ga sun fi mu nesa ba kusa ba wajen nuna abin da aikinsu ya canja.

In maki zan ba taron, huɗu ne cikin biyar, da sharaɗin kwaleji ce ta biya. Da kuɗin aljihuna ne da sai na yi dogon tunani. Mai zuwa ya tafi da takardar sakamakonsa kwafi biyar, takalmin da ba ya cizo, da rigar sanyi ko da ana zafi a waje, don na'urar sanyaya zauren ba ta da tausayi.

Mun iso Bronx daren Lahadi. Gwaggo ta ajiye mini kason naman Sallah a firji, ta ɗumama mini tuwo, ta zauna tana juya katunan jami'o'in nan huɗu ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗaga na ƙaramar jami'ar ta ce, "Wannan garin awa nawa ne daga nan?" Na ce shida. Ta ajiye shi a ƙasan sauran ukun.