Gargaɗi Kan Masu Tallan "Allurar Sitem Sel Mai Ƙona Ciwon Daji"

Jama'a, don Allah duk mai jinyar mai ciwon daji ya karanta wannan. Makon jiya ƙanwar mahaifiyata, wadda ke fama da sankarar mama, ta turo min wani bidiyo ta WhatsApp. Wani mutum ne sanye da farar rigar likitoci, ya ɗaga 'yar kwalba mai baƙin ruwa, ya kara mata maganaɗisu, baƙin ya taru gefe guda. Wai sitem sel ne (wato ƙwayoyin asali na jiki, masu iya rikiɗa su zama wasu irin ƙwayoyin) ɗauke da ƙwayoyin nano (wato ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani): allura uku, su nemo ƙarin da kansu su ƙone shi, ba tiyata ba kemo (wato maganin kashe ƙwayoyin daji da ake bayarwa a asibiti). Sai dai a fara tura rabin kuɗi. Ta ce min, "Ɗana, ko in dakata da asibitin in gwada wannan?" Wallahi sai da gabana ya faɗi.

Abin da ke sa mutane faɗawa, ƙaryar ta jingina da binciken gaske. Akwai ƙwayoyin asali da ake samu a ɓargo da kitse waɗanda kan nufi inda ƙari yake. Masana na ɗora musu ƙananan ƙwayoyin ƙarfe ko zinare da ido ba ya gani, sannan a ɗumama su da injin maganaɗisu ko hasken lesa har zafin wurin ya haura digiri 41, ƙwayoyin dajin su galabaita. Amma aikin nan a ɗakin gwaji yake, a jikin ɓeraye. Ko a can ma, in an sa su ta jijiya yawancinsu a huhu suke maƙalewa, wasu gwaje-gwajen kuma sun nuna suna iya taimaka wa ƙarin ya bunƙasa. NanoTherm, wani magani mai irin waɗannan ƙwayoyin ƙarfe da Turai ta amince da shi a 2010, domin ƙarin ƙwaƙwalwa ne, kai tsaye ake zuba shi cikin ƙarin, babu sitem sel a ciki, kuma sai an sa majinyaci cikin babban inji. To mai kwalba ina injinsa?

Illar ba ta tsaya kan aljihu ba. A 2017 aka ba da rahoton mata uku a Fulorida ta Amurka da idonsu ya lalace bayan an yi musu allurar sitem sel a wani asibitin kuɗi. Ga mai daji kuwa, watannin da zai ɓata ba ya shan magani su ne babbar asara, domin ciwon ba ya jira.

Na kira lambar mai kwalbar da kaina. Na tambaye shi wace hukumar magunguna ta yi wa allurar rajista, wane kwamitin ɗa'a, wato masu sa ido kan gwajin magani a jikin mutane, ya amince da gwajin, kuma in gwaji ne me ya sa majinyaci zai biya. Ya ce sirrin kamfani ne, ya kashe waya, ya toshe ni.

Na ce mata, "Inna, kada ki tura ko sisi, ki nuna wa likitanki bidiyon nan." Ta nuna masa, jiya kuma aka yi mata kemo zagaye na huɗu. Allah Ya ba ta lafiya, da duk marasa lafiyarmu.